Mu Leƙa Daura, Garin da Mata Suka Fara Mulki



A ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Tunisiya, mutane kan biya kuɗin jirgi don kawai su ga tsohon gari da ganuwarsa da lungunansa. To mu ma muna da namu. Ga Daura nan kusa, amma sai ki tarar da matar da aka haifa a garin, aka aurar da ita a nan, ba ta taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba.

Kafin a yi sarki namiji a Daura, mata ne ke mulki, ana kiransu Magajiya. Masu riƙe da tarihin masarautar sun lissafa goma sha bakwai, daga Kufuru har zuwa Shawata. A cikinsu akwai Yakumo da Gizirgizir da Innagari, da Daurama wadda aka ce ita ta taso da mutane daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake yanzu. Wata ruwayar ma ta ce kakanninsu ta Tarabulus ta ƙasar Libiya suka biyo, wato daga bakin wancan tekun da na ambata.

Labarin Bayajidda kuwa kin san shi tun a tatsuniyar dare. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mata ne suka riƙe labarin daga farko har ƙarshe. Baƙo ya sauka da dare gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, don macijin da ke rijiya, mai suna Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ke da kike auna ruwan randa kullum, ki ƙiyasta: girki da wanki da wankan yara, duk da ɗiban rana ɗaya a mako! Ya je ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Sarauniya ta yi masa tayin rabin gari, shi kuma ya ce aurenta yake so. Ita ta haifi Bawo, kuyangar da ta ba shi kuma ta haifi Karɓagari. Sunayen nan kaɗai sun isa su gaya miki yadda zaman kishi ya kasance a gidan. Malaman tarihi na jayayya kan ko an yi Bayajidda da gaske. Ni dai a ganina, rijiyar da sunayen matan sun fi shi tabbas.

Wajen 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu, Malam Isiyaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohon gidan ta zauna a Zango da Baure kusan shekara ɗari, har Turawa suka maido Malam Musa daga Zango. Shi ya sa ziyarar Daura ba ta cika sai an ratsa waɗannan garuruwa. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007.

Yau an kewaye Kusugu da gini, kuma ana jan ruwa a ba baƙo ya sha. In Maigida zai kai ki asibiti ko gaisuwar iyaye, ki nemi izininsa cikin ladabi ku tsaya ko na rabin awa ne. In da hali ku daidaita da Sallar Gani a watan Maulidi, ku ga hawan Sarki. Ki tafi da 'yan matanki, kuma tun a hanya ki fara koya musu sunayen Magajiyoyin nan.