Yadda Alex Haley Ya Bi Sawun Kakansa

Duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali yana rubuta shari'ar gado ya san wuyar tabbatar da nasaba. To, ga labarin wani baƙar fatar Amurka, Alex Haley, da ya sha wannan wuya.

Tun yana yaro kakarsa takan ba shi labarin wani kakansu, Kinte, wai ya fita saro itacen ganga aka kama shi, aka sayar. Cikin 1967 Haley ya tafi Gambiya, ya sauka ƙauyen Jufure. Nan wani tsoho, Kebba Fofana, ya jero masa zuriyar Kinte, har ya ambaci Kunta, wanda ya fita saran itace bai komo ba. Sa'an nan Haley ya tona takardun jiragen ruwa, ya tsaya kan wani jirgi, Lord Ligonier, da ya sauke bayi a Anafolis cikin 1767. Littafinsa, Roots, ya fito 1976.

Amma fa masu bincike ba su ƙyale maganar ba. Suka gano an riga an ji abin da baƙon ke nema tun ba a kai shi wurin tsohon ba. Shaidan da aka riga aka karanta masa da'awa kuwa, alƙali ba ya gina hukunci kan maganarsa. Har wa yau, cikin 1981 aka nuna bawan nan Toby, wanda Haley ya ce shi ne Kunta, sunansa na cikin takardun iyayengijinsa tun 1762, watau shekara biyar kafin jirgin ya iso.