Daga Ƙwaƙwalwa zuwa Katin Waya: Kiɗan Jita a Jahar Tawa

A da, makaɗin gurmi a Madawa, Buza ko Keita ba shi da ma'ajiya sai ƙwaƙwalwarsa. Kaset ta zo ta rage masa nauyi, daga bisani wayar salula ta gaje ta.

A 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jahar Tawa, ya naɗi faifansa Anar a Sakkwato. Ba ta kanti waƙoƙin suka bazu ba, sai daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har Sahel Sounds ta Amurka ta sanya Tahoultine cikin tarin da ta fitar a 2011.

Yau saurayi kan naɗi sabon karinsa yana zaune a ɗaki. Amma kati in ya lalace, kari ya tafi ke nan. Adana wannan gado hakki ne a wuyan ƙungiyoyinmu na al'adu.