Tarihin Bangon Kaset Da Samarin Da Suka Ƙawata Shi

Kwanakin baya matar yayana, Allah Ya jiƙansa da rahama, ta aiko a kira ni. Wai tana gyaran ɗaki saboda bikin autarta, sai ta ci karo da wani abu a can ƙasan akwatin lefenta, kuma ta san ni kaɗai ne zan gane shi. Da na je muka gaisa, sai ta miƙo mini wani ɗan kwanson roba da ya tsage a gefe guda, tana murmushi ta ce, "To Malam mai zane, ka shaida wannan hannun?"

Mai karatu, ai kafin in karɓa na gane shi. Gidan kaset ne, a cikinsa ga takardar da na zauna na zana da hannuna ina aji uku a sakandare: tattabara ɗauke da wasiƙa a baki, an kewaye ta da zayyana ja da kore. Wannan takarda ce ta sa na ga ya dace in ɗan waiwayi tarihin wannan ƙaramar fasaha ta ƙawata bangon kaset, wadda samarin Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi suka ɓata dare a kanta, amma yau ko sunanta ba a ambato.

Kafin zuwan kaset, waƙa a faifai take. Masu hali su ke da garmaho, kuma bangon faifan kamfani ne ke buga shi, da hoton mawaƙi da sunan kamfanin, kamar yadda EMI ya riƙa fitar da faya-fayen Alhaji Mamman Shata. Mai saye ba shi da ta cewa game da waƙoƙin da ke ciki, balle abin da ke bango. Wanda ke son ya yi wa wani kyautar waƙa kuwa, sai dai ya rubuta kati zuwa filin Zaɓi Sonka na gidan rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, ya jero sunayen 'yan uwa da abokan arziki, ya zauna jiran ranar da za a karanta. In an yi sa'a wanda aka zaɓa wa waƙar yana kusa da rediyo, shi ke nan, in kuwa ya tafi kasuwa, kyauta ta bi iska.

A shekarar 1963 ne kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, ya nuna shi a wani baje kolin kayan rediyo a birnin Balin na Jamus. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, ya rasu a 2021 yana da shekara 94. Abin bai zama ruwan dare a wajenmu ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a 1975, alhazai kuma suka riƙa dawowa daga Makka da rikoda a cikin tsaraba. Sony ya fito da Walkman a 1979. Amma abin da ya sauya al'amarin baki ɗaya shi ne rikoda mai baki biyu, wadda ta yawaita a shekarun 1980. Ka sa kaset mai waƙa a baki ɗaya, ka sa emti a ɗayan, ka danna, waƙa ta ƙaura. Daga nan talaka ya samu ikon da a da kamfani kaɗai ke da shi, wato ya zaɓi waƙar da yake so, ya jera ta yadda ya ga dama, ya ba wanda yake so.

Tun kafin samari su kama abin, iyayenmu sun riga sun mayar da kaset wasiƙa. Wanda ba ya rubutun boko sai ya tara iyali a gaban rikoda, kowa ya yi gaisuwa da muryarsa, a ba matafiyi ya kai wa ɗan uwa a Kumasi ko Jidda ko Sudan. Saboda haka miƙa wa mutum kaset a matsayin saƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Samari dai sun cire gaisuwar ne suka sa waƙa, waƙar ta faɗi abin da kunya ta hana su faɗa a dandali ko a zaure.

To, ina bango ya shigo? Duk kaset emti da ka saya, ko TDK ne ko Maxell ko Sony, za ka tarar da 'yar takarda a naɗe cikin kwanson, mai layi-layi, an rubuta A da B. Kashi uku gare ta: fuska, da ƙeya wadda ake gani in an jera kaset a kan kanta, da ɗan leɓen da ya lanƙwasa ta baya. Masu shagunan ɗaukar waƙa a Ƙofar Wambai da Sabon Gari ba su da lokacin ado, biro kawai suke sawa su rubuta "Indiya" ko "Shata", wani lokacin su buga hatimin shago. Wannan ya ishi wanda ya saya don kansa. Amma wanda zai kai wa budurwa, ko abokin da zai tafi makarantar kwana, ko yayar da aka kai ɗakin miji a wani gari, ya san ba a miƙa tuwo ba murfi. A nan ne aka fara neman yara masu hannun zane, kuma kowace unguwa da nata. A layinmu ni ne.

In na duba baya, sai in ga wurare huɗu muka riƙa ɗebo adonmu. Na farko shi ne makarantar allo. Duk wanda ya ga allon zayyana na mai sauka ya san yadda ake jera murabba'i da dagi da launi ja da rawaya da kore, kuma daga nan muka koyi yi wa takarda iyaka. Sai dai akwai ƙa'ida da ba mu taɓa ƙetarewa ba, ba a rubuta aya ko sunan Allah a bangon kaset ɗin kiɗa. Na biyu shi ne jikin manyan motoci, da furanninsu da zakuna da gaggafa da 'yan kalmomin hikima da ake rubutawa a goshin mota. Na uku finafinan Indiya da ake nunawa a silima irin su Plaza da Orion da Marhaba, da mujallun Indiya irin su Stardust da ake yanko hotunan taurari daga ciki da reza. Tattabarar da na zana ma daga can take, don bayan fitowar Maine Pyar Kiya a 1989, wanda a cikinsa tattabara ke kai wasiƙa tsakanin masoya, babu mai zanen da bai gwada ta ba. Na huɗu kuwa littattafan soyayya ne da suka cika Kano daga ƙarshen shekarun 1980, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Bangon littattafan wancan zamani zanen hannu ne, mu kuwa muka riƙa kwaikwayon yadda ake karkata haruffa da yadda ake yi musu inuwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Biro ja da shuɗi da baƙi, in an samu kore an yi arziki, sai fensirin kala, da rula, da reza, da ƙaro da ake jiƙawa a murfin kwalba in babu gam. In takardar kamfani ta lalace, sai a warware kwalin sukari, a ɗora tsohuwar a kai a zana iyakarta, a yanke, a bi layin lanƙwasa da bayan reza don kada ya karye. A ƙarshe a shafe fuskar da salatif mai haske saboda gumin hannu.

Darasi na farko da na koya da wahala shi ne, ba a rubuta jerin waƙoƙi sai an gama ɗauka. Kaset mai lamba C60 minti 30 yake ci a kowane gefe, C90 kuma minti 45. Waƙar Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi ko Kishore Kumar takan kai minti biyar zuwa shida, ka ga ke nan biyar ne za su zauna lafiya a gefe guda na C60, ta shida sai zare ya ƙare mawaƙi na tsakiyar baiti. Shata kuwa, in ya kama Bakandamiya, ai sai ka bar masa fili. Sau biyu ina yaga bangon da na kwana ina yi saboda na rubuta waƙar da ba ta samu shiga ba. Darasi na biyu, ƙeya ta fi fuska muhimmanci, don ita ake gani kullum. Na uku, ba a rubuta cikakken sunan yarinya, harafin farko ya isa, saboda kaset yawo yake yi hannu zuwa hannu. In an gama duka sai a karya 'yan haƙoran nan biyu da ke saman kaset don kada wani ƙane ya yi kuskuren danna jan maɓalli ya goge wahalar mako guda.

Akwai kuma masu wayo da ke sa a rubuta "Wa'azi" a ƙeya don kaset ya wuce zaure lafiya. Wani abokina ya sa ni na yi masa haka, na kuwa yi, har da 'yar hasumiya. Ashe mahaifin yarinyar zai gani a hannun ƙaninta bayan sallar isha'i, ya ji daɗi, ya ce a kawo rikoda su saurara da baƙinsa. Abin da ya fito daga lasifika, ganga ce da sarewar Indiya. Daga ranar abokina bai ƙara bin layin ba, ni kuma da maganar ta zo gida na sha faɗan da har yau ina tunawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wannan abin ne ya sa da Yaya ya kira ni ɗakinsa a kan nasa kaset ɗin, na fara da ba shi shawarar mu bar bangon fari kawai, tun da mahaifin wadda yake nema malami ne. Sai ya ce, "Kai yaro, aure nake nema, ba sata ba. Rubuta abin da ke ciki, duk wanda ya ɗauka ya san abin da ya ɗauka." Gefen A ya sa waƙoƙin Indiya biyar. Gefen B ya sa Haruna Uji da gurminsa, ya rufe da Jawabin Aure na Ɗan Maraya Jos. Wato ya fara da abin da zuciya ke so, ya ƙare da inda ya dosa, kuma duk wanda ya karanta jerin daga sama zuwa ƙasa ya gane saƙon ko bai kunna ba. Kwana uku na yi a kan bangon, ladana kuwa tsire da kuɗin shiga silima. Matar Yaya ta gaya mini a wannan zuwan da na yi cewa lallai kaset ɗin ya faɗa hannun mahaifinta. Ya juya shi, ya karanta, ya mayar wa mahaifiyarta, ya ce a gaya wa yaron nan ya turo manyansa.

Ƙarshen wannan fasaha bai zo rana ɗaya ba. Bayan Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun haɓaka, kuma zuwa lokacin da Sangaya ya yi tashe, kaset ɗin waƙoƙin fim na zuwa ne da bangonsa bugagge mai hotunan 'yan wasa, mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999 ta zama sabuwar ma'adanar masu yankan hoto. Sannan faifan CD ya shigo, bango ya koma murabba'i, aka koma shagunan kwamfuta ana haɗa hoto da fure a CorelDraw, na wannan da na wancan duk kamar an haife su rana ɗaya. Wayar salula ta zo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru aka koma tura waƙa ta Bluetooth da memori a kasuwanni irin su Farm Centre. Memori kuwa bai kai farce ba, ina za ka zana tattabara? Yau da WhatsApp za ka aika wa mutum waƙa 100 kafin ka gama shan shayi, shi ma ya goge su kafin ya gama nasa.

Na tambayi matar Yaya ko kaset ɗin na yi. Ta ce rikoda ta tauna zaren tun ana goyon ɗansu na biyu, Yaya ya yi ta naɗe shi da biro yana liƙawa da salatif har ya haƙura. Yanzu ma babu rikoda a gidan. Waƙoƙin ba su ɓata ba, duk suna intanet, wanda ya so zai same su. Abin da babu shi a ko'ina sai a wannan akwati shi ne takardar: waɗanne waƙoƙi ya zaɓa, wacce ya sa a gaba, wacce ya rufe da ita, da harafin sunanta da ya karɓi biron ya rubuta da kansa a kusurwa don ya ce wannan ba aikin yaro ba ne. Autar tasu, amaryar, ta karɓa ta daɗe tana kallo, don tana ƙarama ya rasu, kuma ba ta taɓa ganin rubutun hannunsa ba sai ran nan.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ke da irin wannan kwanso a ƙasan akwati ko a bayan kwaba, kada ya zubar don zare ya lalace. A ɗauki hotonsa, a rubuta shekarar da aka yi shi da garin, a adana. Ya kamata ma wuraren ajiye tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna su samu kaɗan daga ciki, don masu bincike na gaba su ga abin da samarin wancan zamani suka saurara da yadda suka nemi aure. Na roƙi matar Yaya ta ba ni nawa zanen, ta ce ai ba nawa ba ne, an biya ni da tsire. Ta sa shi a cikin kayan amarya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.