Shanu Da Cututtukansu A Hanyar Zangon Kumasi

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa suna bin hanyar Gwanja domin sayen goron ƙasar Asante, suna kuma kora dabbobi zuwa kasuwar Salaga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa su. Bayan Ingila ta ci Kumasi a 1896, da yawansu suka zauna a Zango, cinikin shanu da fawa suka kafu a hannunsu.

Amma Kumasi tana cikin kurmi, kurmi kuwa gidan ƙudan tsando ne. Cizonsa yakan sa wa saniya sammore: ta rame, jininta ya ragu, ta yi ɓari, nononta ya ƙafe. Saboda haka manyan shanun arewa masu tozo ba su iya daɗewa a wurin. Akan koro su daga nesa, a yanka da wuri. Gajerun shanu marasa tozo suna jure wa tsando, sai dai nononsu da ƙyar yake isar maraƙi. Wannan ya sa mutanen Zango, waɗanda suka saba da fura da nono, suka sami nama a yalwace, nono kuwa ya yi musu wuya.

Akwai kuma bushiya. Ta shigo Afirka ta Iritiriya a 1887, cikin 'yan shekaru ta iso yamma, ta share garkuna. A shekarun 1930 likitocin dabbobi na Pong-Tamale suka duƙufa ga yi wa shanun arewa rigakafi. Babban gangamin allura da aka soma a yankin Tafkin Cadi a 1962 ya kai Gana daga baya. A 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Bayan samun mulkin kai a 1957, aka gwada kawo shanun madara daga Turai. Zafi ya dame su, kaska ta kama su, kirci ya ɓata fatarsu, da yawa suka mutu. Barbararsu da shanun gida ta fi amfani.

An ci nasarar bushiya da allura, amma tsando da kaska suna nan. Saniyar da ake tatsa tana bukatar inuwa, da ruwa mai tsabta, da wanka da maganin kaska, da rabon nono ga maraƙinta. Wanda ya hana ta waɗannan, ƙwaryarsa ce za ta koma gida wayam.