Tarihin Kiɗan Gwajin Bes, Daga Garmaho Zuwa Hedifon

Al'adar ware wani kiɗa na musamman don gwada na'urar sauti ta girmi hedifon ɗin jin kiɗa da shekaru masu yawa. A Amurka ta faro, tun zamanin garmaho. Daga shekarar 1915 kamfanin Thomas Edison ya riƙa tara jama'a a manyan zauruka, a tsayar da mawaƙiya irin su Anna Case kusa da garmaho tana rerawa tare da faifanta, sai a kashe fitilu ta sulale, a bar mutane su tantance ko ita ce ko na'ura. Waɗannan taruka ba su taɓa sauti mai kauri ba, wanda makaɗa ke kira bes, domin faifan lokacin ba shi da shi. Ta wani babban mazurari ake ɗaukar sauti, babu lantarki, kuma amon da ya yi kauri sosai ba ya iya motsa allurar da ke zana faifan. Shi ya sa a sutudiyo aka riƙa ajiye babban gogen nan na Turawa da ake kafawa a ƙasa, a sa mai busa tuba ya maye gurbinsa.

Ana auna kaurin sauti da yawan kaɗawar iska cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana ba da Hz 41, maɓallin ƙarshe na hagu a fiyano yana ba da 27.5, bututun ogan (babban abin kiɗan nan na coci) mai tsawon ƙafa 32 kuma yana sauka har 16, inda jiki ya fi kunne sanin abin da ke faruwa. Duk tarihin kiɗan gwaji tafiya ce ta gangarowa kan wannan tsani.

An fara gangarowar a 1925, lokacin da kamfanonin Victor da Columbia suka koma ɗaukar sauti da makirufo bisa tsarin Western Electric. A 1933 kuma Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka wallafa sakamakon da har gobe ke ɗaure masu gwaji: kunne ba ya jin bes sosai idan an rage ƙarar sauti, in aka ƙara kuwa sai bes ya fito fiye da sauran. Ma'anar haka ita ce, duk na'urar da aka ɗan fi ƙure wa murya za ta zama kamar ta fi bes, ko da ba ta fi ba. 'Yan kasuwa sun gane wannan tun kafin masu saye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne faifan gwaji ya zama haja mai zaman kanta. Columbia ta fito da faifai mai dogon zango a 1948, a 1949 aka fara baje kolin kayan sauti a otal ɗin New Yorker da ke birnin New York. A irin wannan taro ne injiniya Emory Cook ya yi suna da faifansa na rugugin jiragen ƙasa, mai suna Rail Dynamics, a farkon shekarun 1950. Babu kiɗa a cikinsa ko kaɗan, amma mutane sun yi ta cincirindo a ƙofar ɗakinsa. A 1954 abubuwa uku suka haɗu. Masana'antar faifai ta Amurka ta amince da tsarin RIAA, wanda ke rage bes ƙwarai lokacin yanka faifai don kada ramin allura ya yi faɗi, sannan amfilifaya ta mayar da shi lokacin saurare. Edgar Villchur ya fito da lasifikar AR-1, wadda ta nuna ƙaramin akwati rufaffe zai iya ba da bes mai zurfi. Sannan kamfanin Mercury ya ɗauki kiɗan 1812 na Tchaikovsky ƙarƙashin Antal Dorati a Minneapolis, aka haɗa shi da harbin igwa ta gaske daga makarantar soja ta West Point. An sake ɗaukarsa a 1958 da sauti mai fitowa ta ɓangare biyu, ya kuma zama faifan da kowane kanti ke ɗorawa idan mai saye ya shigo.

Masu kunnen kiɗa sun fi karkata ga ogan. Simfoni na uku na Saint-Saëns, musamman naɗin Charles Munch da makaɗan Boston na 1959, da mabuɗin Also sprach Zarathustra na Richard Strauss, wanda fim ɗin 2001: A Space Odyssey ya yayata a 1968, suna da dogon amo mai kauri da ke zama daram na daƙiƙoƙi. Wannan ya fi igwa amfani nesa ba kusa ba. Harbi ɗaya ne igwa ke yi ta wuce, ba a sanin ko amonta daidai ya fito tunda ba wanda ya san ainihin muryarta. Amon ogan kuwa yana daɗewa har a ji ko lasifika na karkarwa, ko tana shaƙewa, ko ma ba ta fitar da komai.

Duk da haka igwa ba ta mutu ba. Kamfanin Telarc na Cleveland, wanda ya rungumi naɗin dijital na Soundstream tun 1978, ya fara jan hankali da babbar gangar da ke cikin faifan Frederick Fennell, sannan a 1979 ya fitar da nasa 1812 ƙarƙashin Erich Kunzel a Cincinnati. Ramin faifan a wurin harbin yana karkacewa har ido na gani, allurai da yawa kuma tsalle suke yi su fice. Abin da wannan faifai ke gwadawa shi ne ko allura za ta zauna, ko lasifika za ta tsira. Zuwan faifan CD a 1982 ya kawar da matsalar allura, ya bar ta lasifika.

Ana cikin haka wani reshe dabam ya tsiro, wanda ba ruwansa da zauren kiɗan gargajiyar Turai. A Kingston ta Jamaika, tun shekarun 1950, masu manyan lasifikun titi irin su Duke Reid da Coxsone Dodd suna gasa ne da nauyin bes, daga baya King Tubby ya riƙa tuɓe waƙa ya bar ganga da jitar bes tsirara. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar kiɗa TR-808. Ba ta yi kasuwa ba, an daina ƙera ta a 1983, amma gangarta ta lantarki, wadda ake iya ja wa amo ya daɗe yana gunji, ta zama ƙashin bayan hip-hop. A Miami har faya-fayai aka riƙa yi musamman don gasar lasifikun mota. Daga nan bes mafi zurfi ya daina zama abin nema a coci ko barikin soja, ya shigo waƙoƙin yau da kullum.

Shi kuwa hedifon ya daɗe yana aikin da bai shafi kiɗa ba. Wanda Nathaniel Baldwin ya ƙera a Utah a 1910 sojojin ruwan Amurka ne suka saya don sadarwa. Beyer na Jamus ya fitar da DT 48 a 1937, John Koss na Milwaukee ya kawo SP/3 a 1958 don masu jin kiɗa a gida, Walkman na Sony kuma ya fitar da hedifon titi a 1979. Da farko faya-fayan gwajin lasifika kawai aka kwaso aka ɗora masa, sai dai tambayar ba ɗaya ba ce. Lasifika tana tura iskar ɗaki gaba ɗaya, bes ɗinta yana dukan ƙirji da ƙafafu. Hedifon ɗan ƙaramin sarari kawai yake matsawa tsakaninsa da dodon kunne. Saukowa Hz 20 ba ta yi masa wuya ba matuƙar ya liƙe da kyau, amma jiki ba ya jin komai, kuma sandar tabarau ko gashi ko robar kunne da ta yi ƙanƙanta suna iya buɗe kafar da bes zai zurare. Saboda haka tambaya ta tashi daga "ina ya tsaya?" ta koma "nawa ya kamata a sa?" Kamfanin Beats, na Dr. Dre da Jimmy Iovine, ya ba da tasa amsar a 2008 da hedifon mai bes jingim. Masana sun yi ta kushe shi, jama'a suka yi ta saye, Apple kuma ya sayi kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.

Amsa mai tsari ta fito ne daga aikin da Floyd Toole ya fara a Cibiyar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da ke Ottawa, wanda Sean Olive ya ci gaba da shi a kamfanin Harman a Kalifoniya. A nan ana gwaji ne ba tare da mai saurare ya ga abin da yake ji ba, an kuma daidaita ƙarar sauti. Wani abin da aka gano shi ne, ita kanta waƙar gwajin ana iya gwada ta, a ga wacce ta fi sa mutane rarrabe na'ura mai kyau da maras kyau. Abin da ya fi kowanne tona aibi shi ne wani shuu da injiniyoyi ke haɗawa, mai kama da na rediyon da bai kama tasha ba. Cikin waƙoƙi kuwa, waɗanda suka yi fice su ne masu cike da amo daga ƙasa har sama ba yankewa, irin su Fast Car ta Tracy Chapman ta 1988 da Bird on a Wire a muryar Jennifer Warnes. Kayan kiɗa guda ɗaya tilo, duk daɗinsa, ba ya tona komai sosai. Babu igwa ko jirgin ƙasa a cikin jerin. Daga 2013 Olive da Todd Welti suka fara wallafa ma'aunin sautin da akasarin mutane suka fi so a hedifon. Ya ƙunshi ɗaga bes da 'yan desibel a ƙasa da kimanin Hz 100, ɗagawar kuma ta fi yawa a na cusawa cikin kunne. Kusan kashi biyu cikin uku na masu saurare sun gamsu da shi, sauran sun rabu, wasu na son ƙari, wasu na son ragi.

Jerin waƙoƙin da masu nazarin hedifon ke yawan amfani da su a yau gado ne daga dukkan waɗannan zamunna. Ana sa Limit to Your Love ta James Blake ta 2010 ko Angel ta Massive Attack ta 1998 don jin zurfi. Ana sa Flight of the Cosmic Hippo ta Béla Fleck ta 1991, inda Victor Wooten ke kaɗa jitar bes, don jin ko kowane amo yana fita daban ko duk sun dunƙule. Waƙa mai murya da ganga tare ita ke nuna ko bes ɗin da ke tsakanin Hz 100 da 250 ya kumbura ya danne mawaƙi, aibin da ya fi yawa a hedifon masu araha.

Akwai tarko ɗaya da waƙa kaɗai ba ta iya kaucewa. Tun ƙarni na 19 August Seebeck ya nuna cewa kunne yana iya jin amon da babu shi, muddin 'ya'yansa na sama, wato amon da ke ninka yawan kaɗawarsa, suna nan. Wannan ne ya sa ake gane kaurin muryar namiji a tsohuwar wayar tarho, wadda ba ta ɗaukar abin da ya yi ƙasa da Hz 300. Hedifon da ya kasa fitar da Hz 30 yana iya gurɓata shi ya fitar da 60 da 90, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin, mai saurare ya rantse ya ji zurfi. Don haka masu gwajin ƙwarai suke haɗa waƙa da amo tsantsa na na'ura, wanda ake saukar da shi sannu a hankali daga Hz 200 zuwa 20, sannan su auna abin da ya fito da makirufo a cikin kunnen roba.