Tashe a Taura: Daren da Yara Ke Karantar da Manya

Ina ɗan shekara tara aka fara liƙa mini gemun auduga. A Taura ne, tun garin yana ƙarƙashin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Yayata ce ta shafa mini toka a ka, ta cusa tsumma a bayan rigata ya zama doro, ta miƙo mini sanda. Daren goma ga azumi ke nan, goman marmari ta ƙare, an shiga goman wuya, kuma a wannan gaɓar ake fara tashe a ƙasar Hausa.

Sunan kansa ya faɗi asalinsa. Daga tashin mutane sahur aka samo shi. Samari da gwagware ne ke zagaya gari da kiɗa cikin dare don kada barci ya kwashe mai azumi. Sannu a hankali yara suka karɓe abin, suka dawo da shi bayan shan ruwa, suka mayar da shi wasan kwaikwayo na gida-gida. A birnin Kano har sarauta gare shi, ta Nalako, sarkin gwagware, mai farautar wanda ya ƙi aure, da igiya a hannu. Mu a Taura namu bai kai wannan ƙasaita ba. Gwangwani ne da ƙwarya da fitilar aci-balbal, sai ɗan buhun da muke tara gero da dawa.

Kowane wasa da abin da yake ɗauke da shi. Tsoho da Gemu tausayin tsofaffi yake nema. Jatau Mai Magani yana jero itatuwa da saiwoyi da cutar da kowanne ke yi wa magani, har yaro ya haddace sunayen bishiyoyin dajinsu bai san karatu yake yi ba. 'Yan mata suna yin Mairama da Daudu, ɗaya ta sa rigar namiji, ɗaya ta lulluɓe kamar amarya, a yi ta faɗakarwa kan zaman aure. Akwai kuma na malamin da ake tuhuma da rawa, yana musu yana takawa, wanda ke nuna cewa rawani ba ya rufe aibi. Muhammadu Balarabe Umar ya tattara irin waɗannan a littafinsa Wasannin Tashe, Allah ya saka masa.

Amma abin da littafi ba zai iya kamawa ba shi ne abin da ke biyo bayan waƙar. A wani gida kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wata tsohuwa da ba ta ba da ko ƙwayar gero sai ta yi mana tambaya. Ranar da na yi tsoho ta riƙe sandata ta ce, “Kai ɗan nan, wannan tsohon naka ina 'ya'yansa, da har yake yawo da dare?” Na rasa ta cewa. Wani a cikinmu ya ce sun tafi birni, wani ya ce sun mutu, muka kaure da gardama a tsakar gidanta, ita ko tana ta gyaɗa kai. Sai da muka gaji ta auno mana gero a ƙoƙo. Har yau in na ga dattijo yana bara a kasuwar Gujungu, tambayarta ce ke fara faɗo mini.

Da na girma na karanta cewa Yahudawa ma sun daɗe da gano wannan dabara ta koyarwa ta hanyar tambaya. A daren idinsu na tunawa da fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, ƙaramin yaron gida ne ke tashi ya yi tambayoyi huɗu kan abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, manya su amsa masa da labarin fitar. Suna kuma ɓoye gutsuren gurasa marar yisti, yara su nemo a ba su tukuici, don kada su yi barci kafin a gama. Tun wajen shekara ta 200 Miladiyya malamansu suka rubuta tambayoyin. Su sun rubuta nasu sun ɗora wa kowane uba, mu kuwa muka bar namu a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya.

Yanzu tashe ya shiga wani hali. A Kano 'yan sanda sun sha hana shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwace da faɗan daba, kuma ban ga laifinsu ba. A garuruwa irin namu ba a kai nan ba, sai dai yaro ya rera baiti biyu a gurguje, a miƙo masa naira hamsin daga bakin ƙofa, kowa idonsa na kan waya. Laifin namu ne manya, mu muka daina zama.

Iyayen Taura da Ringim da kewaye, in goma ga azumi ta zagayo yara suka yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, a bar su su kai wasan ƙarshe, sannan a yi musu tambaya ko da guda ɗaya ce kafin a sallame su.