Masu Bin Sawun Dokin Jeji

A can tsakiyar Asiya, inda ƙasar Mongoliya ta yi iyaka da ƙasar Sin, akwai wani makeken jeji da a ke kira Jungariya. Jeji ne na tsakuwa da ƙeƙasassun duwatsu, ciyawarsa tsilli-tsilli, ruwa kuwa sai a waɗansu 'yan idanun ruwa masu nisa da juna. Da bazara rana ta kan yi kamar ta narkar da mutum, da hunturu kuma ruwa ya daskare ya zama dutse. A nan ne mazaunin wani irin doki wanda ba shi da ubangiji, bai san linzami ba, bai san turke ba. Mutanen Mongoliya suna kiransa takhi.

Gajere ne kakkaura, tsayinsa a kafaɗa bai cika wuce ƙafa 4 da rabi ba. Yana da ƙaton kai da gajeren wuya. Launinsa kamar na rairayi, bakinsa fari, ƙafafunsa baƙi-baƙi, ga wani baƙin zane da ya bi tsakiyar bayansa har wutsiya. Abin da a ke saurin gane shi da shi gezarsa ce, gajera, a tsaye cak, ba ta kwantawa a wuya irin ta dokin gida. Kada a haɗa shi da dawakin nan na jejin Amurka. Waɗancan jikokin dawakin gida ne da mutanen Sifen suka kai can a jiragen ruwa, suka ɓalle suka bi daji.

Makiyayan ƙasar sun san takhi tun kaka da kakanni, amma masanan Turai ba su tabbata akwai shi ba sai ta hannun wani hafsan sojan Rasha, Nikolai Przhevalsky, mai sunan nan da harshe ke sarƙewa wajen faɗinsa. An haife shi a 1839. Sau 4 yana jan ayari cikin tsakiyar Asiya, babban burinsa ya shiga Lasa, birnin Tibet, amma har ya mutu a 1888 bai sa ƙafa cikinsa ba. A 1878, sa'ad da ya ke komowa daga tafiyarsa ta biyu, ya sauka a Zaisan, wani gari na bakin iyakar Rasha, aka ba shi kyautar fatar wani doki da ƙashin kansa, wanda mafarautan ƙasar suka harbo. Ya aika da su birnin Santa Fitasbag. Wani masani mai suna Poliakov ya auna, ya gwada da na sauran dawaki, a 1881 ya ba da sanarwa cewa wannan iri ne dabam, ya kuma raɗa masa sunan hafsan.

Fata da ƙashi ba su ishi Przhevalsky ba, yana so ya gani da idonsa. Cikin watan Maris na 1879 ya tashi daga Zaisan da ayarin mutum 13. Shirin da ya yi, duk wani madugu da ya san hanyar hamada zai gane shi. Raƙuma suka ɗauki kaya, waɗansu daga cikin mutanen suka hau dawaki. Guzurinsu garin sha'ir soyayye, da ganyen shayi da aka danne ya zama kamar tubali, da tumaki da a ke korawa a gaba ana yankawa ɗaya ɗaya. Itacen wuta babu, sai busasshen kashin dabbobi a ke tsinta a hura. Ba nisan tafiya ke yanke wurin zango ba, ruwa ke yankewa: inda ya ke nan a ke kafa tanti, ko da rana ba ta yi sanyi ba. Ya ga garken dawakin daga nesa. Amma kafin ya kusa, iska ta kai musu ƙanshin mutum, ingarman garken ya kora goɗiyoyinsa, sai ƙura kawai a ke hange.

Bayan shekara 10, watau a 1889, waɗansu 'yan'uwa biyu 'yan Rasha, masu suna Grum-Grzhimailo, suka gane abin da ya kuɓuce masa. Dokin da ya fi ka gudu, ya fi ka ji, ya fi ka sansana, ba ka binsa a sarari. Amma ko ya kai ina, ƙishirwa za ta komo da shi. Suka nemi idon ruwan da garken ke sha, suka ga sawu da kashi, suka laɓe da dare. Ta haka suka harbe 4, suka kai fatun gida.

Daga nan sai kwaɗayi ya tashi. Masu arzikin Turai da ke kiwon namun daji suka ce su da ransa su ke so. Na farkonsu Friedrich Falz-Fein ne, mai wata ƙatuwar gona da a ke kira Askaniya Nova, cikin ƙasar da yanzu ta ke Yukren. Ya haɗa kai da wani attajiri mai suna Assanov na garin Bisk, wanda ke fatauci cikin Mongoliya. Babban doki dai ba ya kamuwa, saboda haka sai duƙusai. An kama na fari, suka mutu, don ba a sami nonon da ya dace da su ba.

To, a nan ne aka yi shirin da ya fi kowane wuya, shirin da sai an fara shi shekara guda kafin a ɗaura sirdi. Goɗiyoyin jeji su kan haihu ne wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Sai aka sayi goɗiyoyin gida, aka sa aka yi musu barbara a kan lokaci, yadda haihuwarsu za ta zo daidai da ta na jeji. Aka kora su tare da ayari har bakin hamada. In an hangi garke, mahaya su kan bi shi da sukuwa, wanda dokinsa ya gaji ya sauya wani, har 'yan duƙusan su kasa, su tsaya ƙafafu na rawa. Ingarman garken ya kan juyo ya yi faɗa domin 'ya'yansa, sau da yawa nan a ke harbe shi, da shi da iyayen mata. Sa'an nan a raba goɗiyar gida da ɗanta na cikinta, a ba ta na jeji ta shayar. Dabara ce, ba shakka, amma dabara ce mai jini a hannu, gama kowane duƙushi guda da aka ɗaure, an watsa garke a kansa. Waɗanda aka kama a 1899 su ne suka fara isa Askaniya Nova da rai.

Labari ya kai kunnen Carl Hagenbeck, wani Bajamushe na birnin Hambug, wanda sana'arsa sayar da namun daji. Wani basaraken Ingila, Duke na Bedford, ya ce zai saya. Hagenbeck ya tura wakilansa. Suka bi jirgin ƙasa cikin Saiberiya, suka sauka suka nufi Bisk, suka ƙetare duwatsun Altai zuwa garin Kobdo. Kuɗin Turai ba su ciniki a can, saboda haka sai da suka yi guzurin azurfa da tubalan shayi, da su a ke biyan mahaya da 'yan jagora. A 1901 aka tara duƙusai wajen 50. Komowa ita ce aiki: jarirai ne, ga duwatsu, ga sanyi, ga tafiyar watanni. Guda 28 kaɗai suka isa Hambug, aka rarraba su gidajen namun daji na Turai da Amurka.

Waɗanda suka saura a jeji kuwa, abin da ya tona asirinsu ga mafarauta shi ya ƙarasa su. Makiyaya suka yawaita, suka kafa bukkokinsu a bakin idanun ruwan, ga tumaki, ga raƙuma, ga karnuka. Sojoji suka zauna a bakin iyaka da bindigogi na zamani. Takhi ba ya shan ruwa inda ya ji motsin mutum, sai ya yi ta ja da baya zuwa inda babu ruwan. Aka kuma yi hunturu masu tsanani a jere. A 1947 aka kama goɗiya ta ƙarshe daga jeji. A 1969 aka hangi wani ingarma shi kaɗai, daga shi ba a sake ganin ko ɗaya ba.

Na Turai ma da ƙyar suka sha. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye garken Askaniya Nova, aka harbe su. A 1945 guda 31 suka rage a duniya, mafi yawansu a biranen Munik da Farag. Duk takhin da ke numfashi yau asalinsa daga dawaki 12 ne da aka kamo daga jeji. Da ya ke dangi ɗaya ne, in aka bar su suna barbarar juna ba lissafi, iri zai lalace. Don haka tun 1959 gidan namun daji na Farag ke riƙe da littafin asali, inda a ke rubuta kowane doki da uwarsa da ubansa, kamar yadda a ke rubuta salsalar sarakuna.

A 1977 wani mutumin Holan, Jan Bouman, da matarsa Inge, suka kafa ƙungiya domin a mai da dokin ƙasarsa. Ba su ɗauko shi daga keji suka sake a hamada ba, don dokin da aka haifa a bayan shinge bai san kyarkeci ba, bai san tonon ciyawa a ƙarƙashin ƙanƙara ba. Sai da aka fara sakinsu cikin manyan makiyaya a Turai, suka koyi zaman garke. A 1992 jirgin sama ya sauke na farko a Mongoliya, waɗansu aka kai su Hustai, waɗansu Takhin Tal, a gefen Jungariya. Tafiyar da kakanninsu suka yi cikin watanni a ƙafa, su sun yi ta cikin kwanaki a akwati. Ba a rasa asara ba: hunturun 2009 zuwa 2010 ya kashe fiye da rabin garken Takhin Tal. Daga 2011 gidan namun daji na Farag ya shiga kai ƙari da jiragen sojan ƙasar Cek, a watan Yuni na 2024 kuma aka kai 7 ƙasar Kazakistan.

Hustai tana wajen mil 60 yamma da Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, an mai da ita gandun daji na ƙasa a 1998. Nan ne mafi yawan masu son ganin takhi ke zuwa yanzu, ƙungiya ƙungiya, waɗansu a mota, waɗansu a kan dawakin makiyaya. Su kan kwana cikin zagayayyun bukkokin nan na ulu da a ke kira ger. Wanda ya shirya tafiyar da hankali ya kan zo tsakanin Mayu da Satumba, ya riƙo rigar sanyi ko da bazara ce, don dare a can ba shi da amana, ya kuma ɗauki ɗan ƙasa ya yi masa jagora. Masu tsaron gandun ba su yarda a matsa kusa da garke ba, ba su kuma son dawakin gida su cuɗanya da shi. Dalili kuwa, takhi da dokin gida suna haihuwa tare, ɗan da suka haifa kuma ba kamar alfadari ba ne, shi ma yana haihuwa. In aka yi sake, cikin 'yan shekaru jinin da aka sha wahalar tsarewa zai gauraye.

Da tsakar rana ba a cika ganinsu ba, su kan hau kan tuddai inda iska ke kore musu ƙuda. Sai la'asar sakaliya jagora ke tsai da ayari a gefen kwari, a sauka, a ɗaure dawaki nesa, a zauna inda iska ba za ta kai ƙanshin mutum ba, a yi shiru. Can sai a ga goɗiyoyi suna gangarowa rafi a jere, duƙusai na manne da su, ingarma a baya yana tsayawa yana ɗaga kai.